Zobe Mai Kusurwa Huɗu

A Vellore, ƙarfe biyun dare,
fanka na tuƙa zafi kamar tuwo,
Anbarasi ta ɗaga farantin gilashi ga fitila.
Ƙwayar magani shida ta dasa jiya, farare fat.
Da sun ci, da an ga fili kewaye da kowace,
kamar gindin bishiyar da aka share da asuba.
Babu fili. Cuta ta tsiro har bakin ƙwaya,
ta yi matashi da abin da aka aiko ya kashe ta.

A bene na sama, gado na sha tara,
Duraikannu majemi daga Ambur na rawar ɗari.
Shekara talatin yana tsaye cikin ruwan jima,
tsaga ɗaya a dunduniya ta kawo shi nan.
Ran Talata matarsa ta jinginar da 'yan kunnenta.

Anbarasi ta san maganin kamar yadda maƙeri ya san tarko.
Zobe ne mai kusurwa huɗu,
an lanƙwasa shi fiye da son ransa,
yana zaune a ɗame, yana jiran taɓi.
Ƙwayar cuta kuwa magina ce, kullum cikin yaɓen katanga.
Ta miƙa hannu, ta zaci tubali ne,
zobe ya fyaɗe, ya cafke yatsun mai gini,
katanga ta tsage, ruwa ya kutsa, gida ya fashe.
A da ke nan.

Yanzu magina sun ƙera almakashi.
Tun daga zaure suke datse zoben,
ya isa ciki kamar kunamar da aka cire wa ƙari.

Masana suka rataya masa reshe mai kauri a kafaɗa
don bakin almakashi ya kasa haɗuwa.
Aka samu 'yan shekaru.
Sai ga wani mai faɗin baki, da haƙoran tutiya.
A ƙara reshe, ya yi ƙiba, ƙofa ta ƙi shi.
A rage, ya shige, famfo ya tofo shi waje.
Gobe ma haka.

Ta tuna uwarta a ƙofar gida kafin rana ta fito,
tana zanen ado da garin shinkafa,
ɗigo, ɗigo, sannan layi mai zagaya su.
Kafin la'asar tururuwa sun kwashe shi zuwa rami,
ba wanda ya tilasta su.
A bayan rasiɗin shayi ta zana zoben,
ta ɗaura masa ƙugiya mai riƙe ƙarfe,
tunda cuta mayunwaciyar ƙarfe ce:
bari ta ja ajalinta ciki da hannunta.
Ta dubi zanen, ta ninke shi.
Daga takarda zuwa allura tafiyar shekaru ce,
majemi kuwa kwanaki yake ƙirgawa.

Dabara ta rage wa mai shiga rijiya.
Ta buɗe firij, ta ɗauko tsohon magani,
zobe tilo, ba a manna masa maƙwabci ba,
wanda haƙoran tutiya ke zamewa a kansa.
Sauran almakasai ne ke cin sa,
don haka ta ajiye masa ɗan rakiya a gefe
wanda zai cusa kansa a bakinsu.
Tsakaninsu faɗin yatsa.
Ta rufe faranti, ta kwana a kujera.

Washegari da yamma, hadari na haɗuwa bisa duwatsu,
ta sake ɗagawa ga fitila.
Tsakanin ƙwaya da ƙwaya ga ɗan fili, tas,
bai fi farcen jariri ba.
Ta auna shi sau biyu.
Ba ta yi murmushi ba tukuna.
Ta ɗauki waya, ta ce a ba ta bene na sama.